Uwata Za Ta Koyar a Ƙetaren Ruwa

Haɗeja,
Juma'a, bayan la'asar.

Uwata,

Amincin Allah da rahamarSa su tabbata a gare ki. Gaisuwa mai yawa daga ɗanki, tsohon malamin makarantar da ya rasa aji ya koma yi wa kajin gida darasi. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ƙafarki a kan tudu, kayanki a bushe. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa kin shiga garin mutane da ƙafar dama.

Na ce wa mahaifiyarki ta cusa takardar a ƙasan jakarki, kada ta ba ki a hannu, don na san halinki, na kuma san nawa. Da a gida kika karanta, da kin zo kin tsaya mini a ƙofar ɗaki da idon nan naki, ni kuwa ba a taɓa yin ranar da na iya jure shi ba.

Kin san maganar da ke tsakaninmu. Tun da aka ba ki aikin koyarwa, aka ce ƙaramar sakandare ce a wani ƙauye can bayan Baturiya, wanda a wannan lokaci na cikar ruwa sai da kwale-kwale ake shigarsa, ba ki sake cin abinci da daɗi ba. Kika same ni a zaure kika ce, "Baba, ka je ka ga ɗalibin nan naka na ofishin ilimi, a dawo da ni cikin gari. Wallahi tsoron ruwa nake ji." Na ce miki to, zan duba. Na duba ɗin, amsar kuma tana cikin takardar nan. Amma kada ki tsallake zuwa ƙarshe kamar yadda kike yi wa littattafai. Ki ba ni aron kunnenki tukuna. Kurakuraina zan ba ki, don a duk shekarun da na yi riƙe da alli su ne kaɗai abin da na tara da yawa.

Lokacin da na fara koyarwa, a wani ƙauye na bakin fadama ta wajen Kafin Hausa, abin alfaharina shi ne shirun ajina. Sauran azuzuwa kamar kasuwar kifi, nawa kuwa ko ƙuda ya gifta sai ka ji. In shiga, in juya wa yara baya, in cika allo da rubutu daga wannan gefe har wancan, su kwafa. In na gama sai in juyo in ce, "Kun gane?" Su amsa baki ɗaya, "E, Malam." In ce, "Akwai tambaya?" Su ce, "Babu, Malam." Sai in karkaɗe hannu in fita ina jin duk ƙasar Haɗeja babu kamata. Hedimasta ma in ya yi baƙi ajina yake kawo su.

Kimiyya nake koyarwa da aikin gona. A cikin darussan akwai yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaron da gudawa ta kama. Na rubuta, suka kwafa, suka haddace har suna rera shi. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu, Lami, ƙwaƙwalwa gare ta ba kaɗan ba. A jarabawa ta kawo mini shi daidai yadda na rubuta a allo, har da wurin da na yi kuskuren harafi. Na ba ta maki cikakke, na sa aka tafa mata.

Da ruwa ya janye a shekarar, gudawa ta shiga gari, kamar yadda takan yi in ambaliya ta gauraya da rijiyoyi. Wata rana da hantsi sai ga Lami gidanmu a guje, ko takalmi babu. Wai ƙaninta na goye ya galabaita, uwarsu ta rasa yadda za ta yi, asibiti kuma da nisa. Na ce, "Ke Lami, ba kin san abin da ake yi ba? Ruwan gishiri da sukari mana, ki fara ba shi kafin a sami abin hawa." Ta tsaya tana kallona. Can ta ce, "Malam, ashe da gaske ake yin sa? Na zaci na jarabawa ne."

Mahaifiyarki, lokacin tana amarya, ita ce ta ɗauki kwano da cokali ta bi ta. Yaron ya tashi, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Amma ni na daɗe zaune a bakin ƙofa na kasa motsi. Gishiri akwai shi a gidansu, sukari ga shi a teburin mai shayi, karatun yana cikin kanta tsaf, sai dai ban taɓa sa cokali a hannunta ba. Laifin ba nata ba ne, nawa ne.

Don haka, Uwata, duk abin da za a iya taɓawa, ki kawo shi aji su taɓa. In darasin na ruwan sha ne, a zo da ruwan kogi da na rijiya, a tace, a tafasa, su gani da idonsu. In na awo ne, a fita da igiya a auna filin makaranta, su yi gardama a kan wanda ya yi daidai. 'Yan ƙaramar sakandare ba manya ba ne, ba kuma ƙanana ba. Shekaru ne da hannu ke ƙaiƙayi, baki ke ƙaiƙayi. In kika ɗaure su a kan benci, gangar jiki kawai kika samu, hankalin yana can bakin ruwa. Ki raba su ƙungiya-ƙungiya, ki ba kowace aikinta, sannan ki zaga kina saurare. Za a yi hayaniya, kada ta tsorata ki. Sannu a hankali kunnenki zai rarrabe hayaniyar aiki da ta shiririta, kamar yadda mahaifiyarki ke gane tukunyar da ke tafasa da wadda ke ƙonewa tana daga cikin ɗaki. Kuma don Allah ki cire "kun gane?" daga bakinki. Babu yaron da zai ce a'a a gaban 'yan'uwansa. Ki ce, "Taso ki nuna mana." Ki fi kiran waɗanda ke laɓewa a baya, musamman 'yan matan nan masu rufe baki da mayafi in an kalle su. Su ne suka fi buƙatar su ji muryarsu ta fita a cikin mutane ba tare da sama ta faɗo ba.

Ki riƙa tunawa da cewa ba dukansu ne za su wuce aji uku ba. Waɗansu gona za ta karɓe su, waɗansu kamun kifi, waɗansu kasuwa. Abin da kika sa musu a hannu a shekarun nan, da shi za su yi ta amfani. Yaron da ya bar hannunki ya kamata ya iya karanta rubutun jikin kwalbar magani kafin ya ba ƙanwarsa, ya iya auna taki kada ya ƙone shuka, ya iya tsayawa gaban babba ya faɗi buƙatarsa cikin ladabi ba tare da rawar murya ba. Ya kuma iya cewa a'a in abokai suka ja shi inda bai dace ba, wannan ma koyar da shi ake yi.

Kada ki zaci na gyaru bayan abin Lami. Na yi 'yan makonni ina shigo da kwanuka aji, sannan na ga manhaja ta yi mini nisa, na koma gidan jiya. Rubutu a allo ya fi sauƙi, shi ya sa ragwaye irina ke son sa.

Sai maganar bulala. Duk lokacin da shinkafa ta fitar da kai, rabin ajina ba sa zuwa sai rana ta yi sama. Ni kuwa in tsaya a bakin ƙofa da tsumagiya, duk wanda ya makara in zuba masa a tafin hannu. Ban taɓa tambayar dalili ba. Ni ɗan makiyaya ne da aka kai makarantar kwana tun ina ƙarami, shanu na sani, shinkafa kuwa sai a kwano da cikin littafi, ga shi kuma wai ni ne malamin aikin gona. Sai wata shekara bulaman garin, wato mai gari, ya ba ni aron 'yar fadama na shuka tawa. Ta yi kyau, har ina kai mutane kallo. Tana fara nuna sai jan-baki suka sauko. Kin san tsuntsayen nan, in sun taso kamar hadari, in suka sauka a gona kafin ka yi alwala sun bar maka ƙaiƙayi. Da sassafe na fita da gwangwani da majajjawa, ina ihu ina tsalle kamar wanda aljanu suka buge. Ina ɗaga kai sai na ga gonakin da ke kewaye da ni duk 'yan ajina ne, kowa yana jan igiyar gwangwanayensa. Abincin shekarar gidajensu suke tsaro.

Ranar ni ma na makara. Na shigo aji da laka har gwiwa, murya a dushe. Suka miƙe suka ce, "Barka da zuwa, Malam." Babu wanda ya yi dariya. Shugaban aji ma ya ɗauko tsumagiyar daga bayan ƙofa ya ajiye mini a kan tebur kamar yadda ya saba. Da ma dariyar suka yi, da ta fi mini sauƙi.

Ki tambaya kafin ki hukunta. In kin isa, kafin ki san manhaja ki san shekarar garin: yaushe ake korar tsuntsu, yaushe tafkuna ke janyewa a shiga kamun kifi, yaushe ake dashen albasa, yaushe masu shanu ke tashi. Ki zauna da hedimasta da iyaye a ga yadda za a yi, ko darussa masu nauyi su koma can da hantsi a irin lokutan nan. Aikin da ya hana su zuwa da wuri kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba, ki jawo shi cikin aji. Yaron da ya wuni yana korar tsuntsu yana da abin rubutawa fiye da wanda aka ce ya rubuta labarin jirgin ƙasan da bai taɓa gani ba. Bulala kuwa ki bar ta inda kika gan ta. Na yi shekaru ina zaton girmama ni ake yi, ashe tsorona ake ji, kuma mai jin tsoronka ba ya tambayar ka abin da bai gane ba.

Yanzu zan zo kan wanda ya fi yi mini ciwo, don a kanki na yi shi.

An haife ki Inna, mahaifiyata, ba ta daɗe da rasuwa ba, aka raɗa miki sunanta. Tun daga ranar bakina bai iya kiran sunanki ba sai Uwata, mutanen gida kuma su ce Ummi. To wa zai aiki uwarsa kasuwa? Wa zai bar uwarsa ta ɗebo ruwa yana zaune? Ƙannenki suna wanke-wanke da shara, ke kina gefena a kan tabarma da littafi. In kika sami saɓani da wata malama, kafin ki gama kuka na sa hula na tafi. Ko ranar da kika shiga kwalejin horon malamai, ni na bi layi ina zufa, ke kina zaune a inuwa kina shan ruwan leda. Ina yi ina jin daɗi, ina ganin uwata nake yi wa hidimar da ban samu na gama yi mata ba.

Ko kin tuna, kina aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ranar da mahaifiyarki ta aike ki bakin kogi sayen kifi tare da 'ya'yan maƙwabta? Na dawo gida na tambaya ina kike, aka gaya mini. Ko zama ban yi ba, na hau mashin na tarar da ku kun kusa jingar da ke tare ruwan kogi, kuna tafe kuna dariya. Na ɗauke ki a gaban ƙawayenki na mayar gida, na koma na sayo kifin da kaina. Mahaifiyarki tana tuƙa tuwo, ta ajiye muciya ta ce, "Malam, suna ta gada, ba shekaru ba. Yarinya ce. In ba ka bar ta ta jiƙe yau kana kusa ba, ranar da za ta jiƙe ba ka nan." Na ce mata ta ji da tukunyarta. Ta ce, "To, Allah Ya ba mu tsawon rai." Ga shi Ya ba mu. Tun da takardar aikinki ta zo kallo kawai take yi mini, kin kuwa san kallon.

Abin takaicin, ita mai sunan ba haka take ba. Inna mace ce da in ruwa ya cika aka tashi ƙetarar da shanu, sai ta ɗaure zane tamau, ta ɗora ƙwarya a ka, ta kama wutsiyar saniya ta bi ta har wancan gaci. Ni ma ita ta koya mini iyo, kuma ba da lallashi ba. Ta kai ni inda ruwa bai wuce ƙirjinta ba ta sake ni, ina shan ruwa ina kiran ta, tana tsaye dab da ni tana dariya tana cewa, "Sha ka ƙoshi yau, gobe ba ka ƙara sha ba." Hannunta yana kusa, amma ba ta kama ni ba sai da ta ga na gaji da gaske. Da tana raye ta ga yadda na mayar da takwararta, da ta murɗe mini kunne da furfurata da komai.

Don haka tsoron ruwan nan kada ki ji kunyarsa, ba ke kika ƙirƙire shi ba. Ni na dasa miki shi, ni na yi masa ban-ruwa. Abin da na yi a aji shi na yi a gida: in yi magana a madadin yaro, in yi aiki a madadinsa. A makaranta na kira shi tsari, a gida na kira shi ƙauna. Ƙaunar kam gaskiya ce, Allah Shi ne shaida, ina son ki fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Amma na tauye ki da ita, ki yafe mini.

Kada ki yi wa ɗalibanki irin wannan gatan. Za ki ga yaro yana kokawa da lissafi, zufa na keto masa, hannunki zai yi ta ƙaiƙayi ki karɓe alƙalamin ki yi masa. Ki mayar da hannun baya ki jira. In biyu suka yi faɗa, ki zaunar da su kowa ya faɗi nasa, ki ga ko za su sasanta kafin ki yanke hukunci. In aji na buƙatar wani abu wurin bulama, ko 'yar ƙasar da za su yi lambu, kada ki je ke kaɗai. Su zaɓi wakilansu, su shirya abin da za su faɗa, ke ki tsaya a bayansu ki yi shiru. Za su yi kuskure, lambun ma wataƙila awaki su cinye. Ba komai, kuskuren da aka yi a gaban malami shi ne mafi arha a duniya.

Na san ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ga shi hakan nake yi. Kafin ki karanta wannan kin riga kin haye sau ɗaya, amma akwai sauran hayewa a gaba, don haka ki riƙe. Ki zauna a tsakiyar jirgi, kada ki miƙe ko me ya faru. In akwai rigar kariya daga nutsewa ki sa, ko da za a yi miki dariyar 'yar birni. In kika ga an cika shi da mutane da buhuna har ruwa na lasar bakinsa, ki ce kin fasa, ki jira na gaba, makara ta fi. In hadari ya haɗo kada ki shiga. Kada ki riƙa kallon ruwan da ke gefenki, ki kalli inda za ki. Akwai wuraren da ciyawar kacala ta toshe hanya sai an zagaya, kada ki zaci matuƙin ɓata ya yi. Sannan in kin saba da matan gidan da za ki sauka, ki roƙe su su kai ki inda suke wanka a wuri marar zurfi su koya miki. Ki gaya musu gaskiya cewa ba ki iya ba. Za su tsokane ki kwana biyu, daga nan kin zama tasu.

To, ga maganar ofis.

Ranar Laraba na sa farar babbar rigata na ɗauki hula. Mahaifiyarki ta ce, "Ina zuwa haka?" Na ce gaisuwa zan je. Ta ce, "Allah Ya sa gaisuwar ce." Na tafi da niyyar roƙo, ba zan ɓoye miki ba. Tun a hanya nake shirya kalmomin.

Garba, ɗalibin nawa, yana ganina ya taso daga kujerarsa ya durƙusa har ƙasa, da girmansa da furfurarsa da ta fara fitowa. Muka gaisa, ya sa aka kawo ruwa. Muna cikin hira sai ya ce, "Malam, ka tuna shekarar da ruwa ya ci ajinmu?" Na ce na tuna mana, ai zangon nan asararsa muka yi. Ya ce, "Asara? Malam, ni shi kaɗai na riƙe."

Abin da ya faru a shekarar, ambaliya ta shiga makaranta har taga, muka koma gindin wata tsamiya a kan tudu. Babu allo, babu alli, littattafai sun jiƙe. Ni kuwa don kada yara su watse su faɗa ruwa, sai na riƙa ƙirƙiro musu aiki. Muka kafa sanda a bakin ruwa, kullum da safe wata ƙungiya ta je ta duba ta yi alama, su dawo su gaya wa sauran ko ƙaruwa yake ko raguwa, a yi ta musu. Wata rana in naɗa ɗaya bulama, sauran su kawo masa ƙarar shanu sun shiga gona, kowa ya kare kansa da bakinsa. Ni a wurina duk cika lokaci ne kafin karatun gaske ya dawo.

Garba ya ce, "Ni da in aka kira sunana a aji sai in laɓe a bayan wani, ranar da ka naɗa ni bulama na fara magana a gaban mutane. Yau kuma da ita nake ci. Abin da ka rubuta mana a allo, ka gafarce ni, Malam, ban san inda ya tafi ba." Yana faɗa yana dariya, ni ma na taya shi, amma cikina ba dariya yake ba. Don na tuna ranar da ruwan ya janye muka koma aji, har hamdala na yi, na ɗauki alli na juya musu baya, kuma haka na ci gaba har na yi ritaya.

Kafin in kawo abin da ya kai ni, shi ya riga ni. Ya ce, "Na ga sunan Ummi cikin sababbin malamai. Wurin da nisa, ga ruwa. In kana so a dawo da ita gari, Malam, faɗa kawai za ka yi." Kin ji, ko roƙon ma an ɗauke mini. Sai na ji kaina ina tambaya, in an ɗauke ki wa za a kai musu? Ya ce, "Sai dai su jira. Malama mace ba ta taɓa zama a can ba. Muna turawa, amma kowace da babanta mai zuwa roƙo."

Uwata, maganar tana kan harshena. Na ga fuskarki a zaure, na ji muryarki kina cewa tsoro kike ji. Na kuma ga 'yan matan can da ban sani ba, zaune a bayan aji, ba su taɓa ganin mace riƙe da alli ba. Na shanye ruwan da ke gabana na ce, "A'a, Garba, gaisuwa kawai na zo." Ya rako ni har bakin titi.

Ga amsarki ke nan. Ban roƙa ba, kuma ba zan koma in roƙa ba. Ki yi fushi da ni, kina da hakki, don ni na saba miki da wani abu sannan na janye shi a ranar da kika fi buƙatarsa. Abin da nake nema a wurinki zango ɗaya ne. Ki zauna da su, ki san sunayensu, ki bar su su taɓa, su yi magana, su yi kuskure. In zangon ya ƙare kika ga har yanzu ba za ki iya ba, kin san inda ofishin yake. Ki je da ƙafarki, ki faɗa da bakinki. Ba zan shiga gabanki ba, ba kuma zan tare miki hanya ba, duk abin da kika zaɓa ɗakinki yana nan a share.

Gobe da safe za ki neme ni ki rasa. Za a ce miki na yi sammakon gona, kawunki ne zai raka ki har bakin ruwa. Babu abin da zan yi a gonar, zama kawai zan je in yi. Na san kaina ne. In na tsaya a gaci na ga kin ɗaga ƙafa za ki sa a cikin jirgin nan yana tangaɗi, wallahi cewa zan yi ki sauko. Ke kuma za ki sauko, shi ya sa ba zan zo ba.

Allah Ya haye da ke lafiya, Ya dawo da ke lafiya, duk lokacin da kika shiga ruwan nan. Allah Ya kare ki daga sharrin ruwa da na iska da na mutum. Ya sanya albarka a bakinki da hannunki, Ya sa yaran su amfana da ke fiye da yadda nawa suka amfana da ni. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki gaishe da mutanen gidan da suka sauke ki. In kin huce, ki kira ni. In ba ki huce ba ki kira mahaifiyarki, ina kusa da ita zan ji muryarki.

Ɗanki kuma mahaifinki,
Malam Buba